Ranar da Na'urar Zinatu Ta Ƙirga Ni Cikin Awaki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan manta sunan gishiri. In ma na so mantawa, matan unguwarmu ba za su bari ba, don har yau in na wuce bakin rijiya akwai mara kunyar da ke yin kukan akuya ƙasa-ƙasa. In na waiga, kowacce ta duƙufa a kan guganta kamar ba ita ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san tsawon inda na faɗo. A ƙauyenmu da ke ƙasar Tofa, ni ce tsohuwar da ake aika wa in an yi haihuwa, ni ake nema in an yi rasuwa, ni ake kawo wa ƙara in miji da mata sun kasa jituwa. Ban taɓa zama a aji ba, baƙi ɗaya ban sani ba (wannan ma faɗa nake ana rubutawa), kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Sa'o'ina duk sun ranƙwafa, ni kuwa bayana a miƙe yake kamar taɓarya, ba na riƙe sanda. Ku riƙe mini maganar bayan nan, za mu dawo kanta.

Abu na biyu da nake taƙama da shi awakina ne. Kowacce na san ta, na san uwarta, na san halinta. Akwai Kyalla mai farar ɗamara a ciki, wadda ba abin da ba ta taunawa. Akwai wani bunsuru da muke kira Kansila, saboda ba a ganinsa sai lokacin rabon dusa. Amma ban taɓa ƙirga su ba. A gidanmu ba a ƙirga abin da ke numfashi. Uwata ta gaya mini, ita ma tata ta gaya mata, cewa dabbobi da 'ya'ya, ranar da aka faɗi adadinsu ranar albarkarsu ke fara ɗaure kayanta. Ina yarinya wasu masu allura suka zo suka ƙirga awakin uwata da kan sanda, kafin kaka garken ya zube. (Jikata ta ce cutar da ta kawo masu allurar ce ta kashe su. Ita da ko uwarta ba a haifa ba a lokacin.) Don haka in aka tambaye ni awakina nawa, sai in ce, "Suna nan, alhamdulillahi." In sun dawo da yamma, fuskokinsu nake dubawa.

Jikar tawa ita ce Zinatu, 'yar 'yata ta fari, tana karatun lantarki a wata makaranta a Kano. Ni da ita ƙawata muke kiran juna in wasa ya tashi. Ubanta kuwa surukina ne, ba zan kama sunansa ba. Tun da ya auri 'yata bai taɓa ganin na kai ruwa bakina ba, bai taɓa ganin kaina ba ɗankwali ba. In ya zo gaisuwa tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa can nesa, ni kuma ina kan tabarma na kawar da kai ina amsawa kamar uwar hakimi. Wannan ma ku riƙe mini.

Shekarar ita ce wadda man fetur ya haukace, kwanon gero ya zama abin da ake kallo daga nesa. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, kwaɗon rama da tafasa suka zama abincin manya. Ɓarayin dabbobi suka yi yawa. Mutum biyu a kan babur, su sure akuya a bakin gona da rana tsaka, kafin ka ɗaga murya sun sha kwana. A wannan shekarar ce Zinatu ta zo ƙarshen karatunta, aka ce kowane ɗalibi ya haɗa wata na'ura da hannunsa, malami ya gani ya gamsu, sannan a sallame shi. In ba ta yi aiki ba, sai a maimaita shekara. A tsakar gidana ubanta ya faɗa mata, a durƙushe, murya ƙasa: "Zinatu, babu wata shekarar a hannuna. Wannan ce." Jakinsa da yake kai taki gona, shi ya kai kasuwar Rimin Gado ya sayar, aka sayo mata kayan haɗi da batirin babur da ɗan farantin sola. Takin shekarar a ka ya riƙa kai shi.

Wata safiya na fito na tarar da ita a ƙofar ɗakin awakina da guduma da wayoyi.

"Ƙawata, me kike kafa mini a nan?"

"Mai gadi na kawo miki, Iya. Ba ya gyangyaɗi, ba ya cin tuwo."

"To me yake ci?"

"Rana."

Ta buɗe wani ɗan akwati ta nuna mini cikinsa. Wasu baƙaƙen abubuwa ne a jere masu ƙafafu da yawa kamar shanshani. Ta ce a cikin kowanne akwai ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki abu ɗaya tak yake iya riƙewa, ko e ko a'a, bai san wataƙila ba. In na farko ya cika sai ya juye wa maƙwabcinsa ya koma fanko, maƙwabcin ma in ya cika ya juye wa na gaba. Da haka, in ji ta, suke ƙirga komai. Na ce wannan ai ba sabon abu ba ne, haka ake cika buhu da kwano. Ta ce ƙwarai, ashe na gane. (Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.)

Sai ta nuna mini idanun. Biyu suna ƙasa a jikin ƙofa, daidai cikin akuya, ɗaya na gaban ɗaya. In dabba ta tare na waje sannan ta tare na ciki, shiga ta yi, sai akwatin ya ce "ƙit" ya ƙara ɗaya. In ta fara tare na ciki, fita ta yi, sai ya rage ɗaya. Kaza ba ta da tsawon da za ta tare su biyun tare, ba ruwansa da ita. Ido na uku yana sama, daidai ƙirjin mutum.

"Wannan naki ne, Iya. In kika shiga a tsaye zai gan ki, ya ce mutum ne, kada a sa shi a lissafi. Da yamma kallo ɗaya za ki yi ki san ko an sace miki wata."

Sai a lokacin na gane abin da ake shirya mini. Ƙirga awakina za a yi, safe da yamma, a rubuta da jan wuta a jikin bango kowa na gani.

"Ba a gidana ba," na ce.

"Iya, ke kaɗai ce mai awaki da yawa a danginmu. In ba nan ba, ina zan gwada? A kan agwagin Baba guda biyu?"

Na tuna jakin, na haƙura. Amma na kafa sharaɗi: kada bakin kowa ya furta abin da akwatin ya rubuta. Ta yarda. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Baki bai faɗa ba, amma akwatin ya sani. Kuma wa ya san da wa akwatin yake magana?

Na fara gwada shi a ɓoye. Na wuce da muciya ta gaban idanun, bai tanka ba. Na kora kaza, ko kallonta bai yi ba. Sai wata yamma na ɗauko kwanon dusa, goron da ke ƙulle a haɓar zanina ya faɗi daidai bakin ƙofa. Na sunkuya zan ɗauka, ya gangara ciki, na bi shi a duƙe. Sai na ji "ƙit".

Na tsaya cik a cikin awaki ina tunani. Na fito a tsaye, shiru. Na duba hagu da dama, na durƙusa na shiga da rarrafe. "Ƙit." Na fito a tsaye, shiru.

Wallahi a ranar ji na yi duk ƙasar Kano babu mai wayona. Ga hanya Allah ya buɗe. In akwatin ya faɗi adadin da ba shi ba ne, ai ba a ƙirga awakina ba ke nan. Albarka na nan a zaune, yarinya kuma na'urarta na ta ƙit-ƙit ɗinta, kowa ya samu. Kuma ban taɓa ragewa ba, ƙari nake yi, don ƙari fata nagari ne. Daga ranar, duk yamma in awaki sun gama shiga, Zinatu ta tafi alwala ko an aike ta gidansu, sai in ɗaure zani tamau in yi rarrafena. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau uku, gwargwadon yadda gwiwa ta yarda.

Sai Zinatu ta dawo ta dubi jan rubutun, ta dafe kai.

"Iya, ya wuce."

"Da yawa?"

"Jiya da biyu, yau da uku."

"To ai gara ya wuce da a ce ya gaza. Mai awo ma in ya yi miki gyara, godiya kike yi masa."

"Iya, wannan ba kasuwa ba ce. In ya ƙara ko ɗaya, ƙarya ya yi, kuma na faɗi."

(Da ina da rabin wayon da nake taƙama da shi, da na tambayi kaina yadda aka yi ta san ya wuce. Ban tambaya ba.)

Yarinya ta shiga wahala. Ta kwance wayoyi ta sake ɗaurawa. Ta ce ko hasken rana ne ke rikita idanun, ta yi musu 'yar rumfa da kwali. Ta cire shanshani ɗaya ta sa wani. Ta zauna gadi a kan turmi tun la'asar har magariba, kuma duk ranar da ta zauna lissafi daidai yake fitowa, don ni ina kan tabarmata ina jan carbi kamar mutuniyar kirki. Na ce mata, "Kin gani, tsoronki yake ji." Ba ta yi dariya ba. Ta rage cin abinci, ta daina tsokanata. Na ga haka, kuma ba zan ce zuciyata ba ta sosu ba, amma na gaya wa kaina cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Wane malami ne zai kayar da yarinya a kan akuya uku da ma ƙaruwa suka yi?

Gwiwoyina kuwa suka yi kanta, suka yi baƙi. Maƙwabciyata Tabawa, wadda katanga ɗaya ta raba mu kuma tun muna amare muke gasa, ta gani ta ce, "Lallai bana kin riƙe nafila." Na ce, "Ai duniyar ce ta zo ƙarshe, sai da tanadi." Allah ya yafe mini wannan.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Zinatu ta buga wa malamarsu waya, ita kuma ta ba ta shawarar ta ƙara wani abu. Sai ga ta da ƙananan fitilu takwas a jere a ƙarƙashin jan rubutun. Na ɗauka kwalliya ce irin ta motar amarya.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Sunansa shif rajista. Kin san bencin gidan biki, Iya? Mutum takwas yake ɗauka. In sabon baƙo ya zo sai ya zauna a wannan bakin, kowa ya matsa, na can ƙarshe ya faɗo ƙasa a manta da shi. To haka fitilun nan suke. Duk abin da ya shiga yana samun fitilar farko, sauran su matsa. In da sauri ya wuce, kore ce. In ya daɗe yana jan jiki a bakin ƙofa, ja ce. Kullum zan ga takwas na ƙarshe da suka shiga, da yadda suka biyo juna."

Na ce madalla. A raina na ce benci ai ba ya magana.

Washegari da yamma ta tsaya gaban fitilun, ta kira ni, Tabawa ma ta leƙo ta katanga ba a kira ta ba.

"Iya, dubi. Kore, kore, kore, waɗannan awaki ne. Amma biyun da suka shiga daga ƙarshe jajaye ne. Akwai wani abu da ke shiga bayan awaki sun gama. Ƙato ne, mai nauyin jiki, tafiyarsa kamar ta hawainiya. Kuma shiga kawai yake, ba ya fita."

"Kare ne," in ji Tabawa.

Zinatu ta ce, "Kare ya fi wannan zafin nama nesa. Wannan ko tsohuwar dabba ce, ko gurguwa."

Ina tsaye ana siffanta ni a gabana, ba halin in rama. Na gyara murya na ce, "Abin da ke shiga ba ya fita, ba a ganin sawunsa, ai kun san ko su wane ne. Mutanen ɓoye ne. Dama ba sa son ƙirga." Tabawa ta ja da baya tana neman tsari. Kafin magariba ta miƙo mini garwashi da wasu saiwoyi ta katanga, ni da kaina na zagaya ɗakin awaki da hayaƙi ina korar kaina.

Ranar da malama za ta zo duba na'urar ta yi. Zinatu ko kumallo ba ta iya karyawa ba. Bayan la'asar ita da ubanta suka tafi bakin titi tarbo ta, don motar kasuwa za ta biyo. Kafin ta fita ta riƙe hannuna ta ce, "Iya, ki yi mini addu'a abin nan kada ya zo yau." Na ce in sha Allah.

Kuma da gaske na yi niyyar bari. Awaki suka dawo suka shige, ƙit, ƙit, ƙit, fitilu duk kore. Na zauna. Sai wani tunani ya zo mini. Yau fa baƙuwa ce za ta tsaya a nan ta karanta adadin, mutuniyar birni, ban san idonta ba, ban san bakinta ba, kuma ba ta san sharaɗina ba. Sauran ranaku 'yar gida ce ke gani. In akwai ranar da ya kamata a kare garken nan, ai yau ce. Daga titi zuwa gidanmu kuwa tafiya ce mai ɗan nisa a ƙafa. (Ban san mai amalanken shanu zai rage musu hanya ba. Duk shekarar nan ba wanda ya rage wa wani komai sai ranar.)

Na ɗaure zani. Na farko lafiya. Na biyu lafiya. Da na tsaya a nan, da yanzu ina nan da mutuncina. Amma na ce bari in cika na uku.

Na sa kai, na sa kafaɗu, sai na ga ƙafafu a gabana. Kansila ne. Ya tsaya daidai hancina ya sunkuyar da ƙaho, yana kallona irin kallon da ake yi wa wadda ta zo ba dusa a hannu. Na ce masa tafi can. Ko gezau. Na ce to bari in ja da baya. Sai na ji an riƙe ni. Haɓar zanina ce ta maƙale a ƙusar da aka ɗaure waya, kuma na gane in na ƙara ja ko taƙi ɗaya, ni zan fita, zani zai zauna. Gaba ƙaho, baya tsiraici. Akwatin kuwa da ya ga an tare idanunsa biyu an ƙi wucewa, sai ya saki wani dogon kuka ba tsayawa. Awaki suka ɗauka. Ana cikin haka Kyalla ta matso ta gefe, ta kama bakin ɗankwalina, ta zare shi a hankali, ta koma lungu tana taunawa.

Sun ce sun yi sallama sau uku. Na yarda, mutanen kirki ne. Ni dai abin da na fara ji shi ne takun ƙafafu sun tsaya cak a bayana.

Na juyo da kai ta saman kafaɗa. Ga Zinatu. Ga wata mace mai gilashi da farin mayafi. Ga surukina da takalmansa a hannu.

Wani da ya juya da gudu. Wani da ya yi dariya. Shi kuwa bawan Allah tarbiyya ta yi masa yawa. Sai ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da ya gan ni. Ya durƙusa, ya kafa idonsa a kan rumbu, ya ce:

"Iya, sannu da aiki."

To me zan ce? An gaishe ni.

"Yawwa, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida?"

"Lafiya, alhamdulillahi."

"Ya ƙoƙari?"

"Da godiya."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

Duk wannan ina kan gwiwa da tafin hannu, rabina a ɗakin awaki rabina a tsakar gida, furfurata a waje, akwati na kuka, Kansila na hura mini numfashi a goshi. Da na ɗaga ido sama neman agaji, sai na ga kan Tabawa a kan katanga, ta tallabe haɓa kamar mai kallon dambe.

Malamar ce ta fara motsi. Ta zare mayafinta ta rufa mini a ka, ta tsuguna ta cire zanin daga ƙusa, ta kori bunsurun da jakarta. Ta ce a hankali, "Iya, gaba za ki yi, ya fi sauƙi." Na yi gaba. Akwatin ya daina kuka, ya ce "ƙit". Fitilu suka matsa, ja ta uku ta kama. A gaban shaidu aka sa ni a lissafi.

Na miƙe na fito a tsaye, da bayan nan nawa mai kama da taɓarya. Malama ta daɗe tana duban fitilun, leɓenta na rawa, tana ta gyara gilashin da ba abin da ya same shi.

"Zinatu, kin ce mini na'urarki tana ƙarya."

"Haka na zata, Malama."

"Ba ta taɓa yi ba. Ta ce miki akwai mai shiga a hankali bayan awaki, ba ya fita a duƙe. Ga shi kuwa."

Na jira Zinatu ta yi dariya, ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dube ni, idonta ya ciko, ta ce, "Iya, jakin Baba fa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Duk abin da ya gabata, da zanin da ɗankwalin da gaisuwar, bai kai wannan zafi ba. Na buɗe baki in kawo maganar uwata da masu allura, sai na ji ba ta da daɗin faɗa a gaban mutumin da ya kai taki gona a ka.

Malama ta ce tunda an zo, a gwada a gabanta. Aka danna wani maɓalli komai ya goge. Aka shigar da awaki aka fitar, aka sake shigarwa. Aka kora kaza, shiru. Ta ce a samu mutum ya wuce a tsaye, duk suka dube ni, na wuce, shiru. Ta yi wa Zinatu tambayoyi a kan shanshanin nan ɗaya bayan ɗaya, yarinya na amsawa muryarta na dawowa. Daga ƙarshe ta juya ga jan rubutun za ta karanta. Na yi maza na toshe kunnuwana.

Ta katanga Tabawa ta ɗaga murya yadda ko kurma zai ji: "Toshe kunnen me kike yi? Ai duk unguwar nan babu wanda bai san adadin awakinki ba sai ke. Ni kullum da safe sai na ƙirga su in sun wuce ƙofata, tun kafin a yaye yarinyar nan."

Na dubi Zinatu, ta sunkuyar da kai. Na saci kallon surukina, yana nan yana nazarin rumbu. Ashe shekara da shekaru ana ƙirga mini awaki ta kowace kusurwa, da bakin Tabawa ma, wanda in da baki na kashe dabba da ko ɓera bai rage a unguwar ba. Kuma suna ta haihuwarsu.

Da malama za ta tafi na mayar mata da mayafinta, na ƙulla mata ƙwan zabi. Ta ce wa Zinatu ta kwantar da hankalinta, aikinta ya yi. Ta ce, "Na duba na'urori da yawa, ban taɓa ganin wadda aka jarraba da kaka ba." Sun ce sai da ta hau amalanke sannan dariyar ta ƙwace mata, har mai shanun ya tsaya ya ga ko lafiya.

Zinatu ta yi kwanaki ba ta ce mini ƙawata ba. Ranar kasuwa na sa aka ɗaure Kansila da wasu manya biyu, na ce ta kai wa ubanta, ta ce masa a ga abin da za a yi game da jaki. Ni ba zan iya aika masa da baki ba, shi ma daga zaure ya riƙa aiko da gaisuwa har damina ta faɗi. Suna fita akwatin ya ce ƙit sau uku yana ragewa. Na tsaya na saurara, ban toshe kunne ba.

Da ta dawo ta zauna kusa da ni tana cin gyaɗata ba ta tambaya ba, na san an huce.

"Iya, in tambaye ki mana. Me ya sa sai da kika yi rarrafe?"

"To da yaya zan yi?"

"Da buhun dusa kika ɗaura wa igiya kika ja ta ƙofar, ai zai ƙirga."

Na janye kwanon gyaɗata. Sannan na ce ta tashi ta ba ni wuri, ta cika surutu.

Yanzu tana aiki a Kano, akwatin kuma na nan a ƙofar awakina, yana ƙit-ƙit ɗinsa. Ya taɓa tona mana ɓatan wata 'yar akuya tun kafin duhu, aka bi sawu aka same ta. Na koyi gane surar adadin in ya cika, ko da yake in kuna jiran in faɗa muku nawa ne, sai ku je ku tambayi Tabawa.

Abin da na ɗauka a wannan lamari bai da yawa. In yaro ya ce maka ya kafa abin da ba ya mantuwa, kada ka ce benci ba ya magana. In goronka ya faɗi a ƙofar awaki, ka bar wa Kyalla. Wanda kuma ya rantse ba za a ƙirga awakinsa ba, to ya shirya, shi za a ƙirga a cikinsu.